Rasuwar Dattijo, Allon da Ya Yi wa Sama Matakala

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta hana ni zama wuri ɗaya nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wanda ya taɓa leƙowa ɗakina rasuwar allon kwamfutata, wanda mutan gidanmu ke kira Dattijo. Ya cika a kan teburinsa na gindin taga, ina tsakiyar gyara fiffiken wani tsuntsu da nake zanawa.

Marigayin ya zo hannuna daga wurin Yaya, shi kuma ya samo shi daga wani ofis da ya gaji da shi. Mai haƙuri ne, mai kawaici. Tun da ƙafarsa ta karye a jikin ƙamus biyu yake jingine, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. In aka kunna shi sai ya ce "ƙit", ya yi jim kamar mai tuno inda ya ajiye tabaransa, sannan ya buɗe ido.

Ciwon ajalinsa ya fara da wani siririn koren layi a gefen hagu. Daga nan sai kyarma, sai wani kuka, "tsiii", wanda ko na toshe kunne ina jin sa. Na rungume shi zuwa wurin mai gyara. Ya kwance bayansa, ya leƙa, ya shinshina, ya ce, "Ƙanwata, wannan bawan Allah hutu yake nema. Ki ƙyale shi."

Ya rasu ya bar linzamin kwamfuta ɗaya mai ciwon dannawa, kibod da harafi biyu suka goge, sifika mai magana ta gefe guda, da ni. Ya kuma bar mini fim ɗina na farko, ɗan gajeren katun da zan aika wa makarantar koyon zanen katun, wanda da shi za su duba ko za su ɗauke ni. Ranar rufe karɓa ta matso. Tun rasuwar nake safa da marwa tsakanin ɗaki da tsakar gida, har Mama ta ce, "Ke Auta, allo ne fa ya mutu. Zauna, kina sa ni jiri."

Akwai abin da ya kamata masu ta'aziyya su sani game da marigayin, kuma ina faɗa ne ba don in ci namansa ba. Lokacin da na fara fim ɗin, na sa manhaja ta haɗa mini launin faɗuwar rana, daga ja ya narke zuwa shuɗi. Dattijo ya nuna mini shi hawa-hawa, layi bisa layi, tamkar matakala. Na ɗauka haka abin yake. Ya ma burge ni! Sai na zaunar da tsuntsayena a kan layukan, kowa da matakinsa, labarin gaba ɗaya ya koma na wani ɗan tsuntsu da ke tsalle daga mataki zuwa mataki yana neman uwarsa a can sama.

Jiya Yaya ya raka ni shago neman magaji. Mai shagon ya ɗora fim ɗin a kan wani sabon allo. Sama ta fito sumul, jan ya narke cikin shuɗin babu ko tabo. Matakala kuwa babu ita babu dalilinta. Ga tsuntsayena zazzaune reras a kan babu.

"Auta," in ji Yaya, yana danne dariya, "waɗannan haya suka kama a iska?"

Na ji kamar in shige ƙarƙashin kanta. Mai shagon ya tausaya, ya yi mini bayani a hankali. Ya ce tsohon allona launukan da ya sani kaɗan ne, in ya rasa na tsakiya sai ya yi tsalle zuwa na gaba, tsallen nan ne nake gani kamar layi. "Wannan mai zurfin launi ne, bit goma, ya san launi sama da biliyan. Masu haɗa bidiyo da katun shi suke nema." Sai ya nuna wani a can lungu. "Wancan kuma ɗan uwan marigayin ne. In matakalarki kike so, zai dawo miki da ita."

Ya kunna shi, ta kuwa dawo. Ɗan tsuntsuna ya samu wurin taka ƙafa. Wallahi har na miƙa hannu.

"Tsaya," Yaya ya ce, yanzu babu wasa a muryarsa. "Su malaman makarantar, a ɗakinki za su zo su kalla?"

Na zagaya shagon, na dawo, na sake zagayawa, ina cizon farce. Yaya ya duba ya tabbatar kwamfutata za ta iya ɗaukar mai zurfin launin. Shi muka kawo gida. Yana nan a gurbin marigayin, yana nuna mini kuskurena ƙarara, babu kunya babu kara. Ban saba da shi ba tukuna.

Za a yi jana'izar Dattijo gobe da hantsi. Yaya zai naɗe shi da tsohon tawul, ya ɗauke shi a bayan babur zuwa wurin masu tattara matattun kayan lantarki. Mama ce za ta karɓi gaisuwa a madadina. Wanda ya leƙo ɗakina ya ga ban waiwayo ba, ya yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne. Ina zana matakalar ne da hannuna, mataki bayan mataki, hoto bayan hoto, ƙarƙashin ƙafar kowane tsuntsu, yadda duk allon da aka ɗora fim ɗin a kai zai gan ta. Ɗan tsuntsun yana mataki na ƙasa yana jira, kuma makarantar ba za ta jira ba.