Rasuwar Gwaggo Taransifoma, Wadda Aka Yanke wa Ƙararrawa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hanci cike da ƙaurin mai, Malam Mai Awo, tsohon ma'aikacin tashar wuta ta bayan kasuwa, yana sanar da rasuwar Gwaggo, babbar taransifomar da ya yi wa hidima shekara ashirin da uku. Ta cika ranar Talata da azahar, tana ɗauke da nauyin da ya kamata a raba wa biyu. An ce tsohon ma'aikaci ne saboda tun ranar Laraba aka miƙa masa takardar sallama, wai sakacinsa ne ya kashe ta.

Marigayiya baiwar Allah ce mai haƙuri. Ba ta taɓa neman hutu ba, iyakar maganarta "hmmm", safe da yamma. Kullum da hantsi Malam zai ratsa tsakuwa da littafinsa, ya goge gilashin agogon zafinta da hannun riga, ya rubuta abin da allura ta nuna.

Ciwon da zazzaɓi ya soma. Allura ta bar sittin, ta hau tamanin, ta fara leƙen ɗari. Biyu cikin fankokinta huɗu suka tsaya. Sau tara Malam yana rubuta wa Manajan tashar cewa zafin nan yana cin takardar da ke naɗe da wayoyin cikinta, tsufan shekara take yi a wata guda. Da ƙararrawarta ta fara "ƙirrr, ƙirrr", sai Manaja, likitan da ba a haifi kamarsa ba, ya gano magani nan take: ya sa aka yanke wayar ƙararrawar, don tana hana shi gyangyaɗin bayan abinci. Majinyaciya ta yi shiru, aka ce ta warke. Aka ƙara mata layin sababbin gidaje, barka da samun sauƙi.

Kalmarta ta ƙarshe ita ce "bum", kuma ita kaɗai Manaja ya ji.

Ta rasu ta bar injinan niƙa goma sha ɗaya, da teloli masu fifita da kwali, da mai ƙanƙara da yanzu ruwan ɗumi yake sayarwa. Ta kuma bar takardun nan tara, waɗanda Manaja ya rantse bai taɓa gani ba. Gaskiyarsa ce, mutum ba ya leƙa ƙarƙashin teburinsa. Malam ya gan su a ninke, an tokare gurguwar ƙafar teburin da su, lokacin da ya durƙusa karɓar sallama. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, masu sayen tsofaffin ƙarafa ne za su ɗauki gawa. Manaja zai karɓi gaisuwa a ofishinsa, an kunna masa janareta. Malam zai karɓi tasa a bakin titi, don an hana maigadi ya bar shi ya shiga.

Wata mai zuwa za a kawo sabuwa, kuma Manaja ya yi alkawarin da kansa zai riƙa kula da lafiyarta. Malam na roƙon masu zuwa ta'aziyya su haɗa da ita a addu'a, ta fi marigayiya buƙata.