Sawun Tasalla a Kan Laka

A wani daji da ke gefen fadama, idan ruwa ya janye bayan damina yakan bar fili na laka mai santsi, kwana uku kacal kafin ta tsage. A cikin kwanakin nan matan tsuntsaye ke gasar rawar santsi, kowace ta sulale da ƙafa ɗaya, ta juya, ta yi tsalle, ta dira.

Alƙalan gasar su ne Kunkuru da Damo da Kwaɗo. Dukansu idonsu kusa da ƙasa yake, ba sa ganin abin da ya wuce gwiwar mai rawa. Don haka tun kakanni aka tsara cewa idan ta gama, sai su rarrafa su duba sawun da ta bari, da shi za su yanke hukunci.

Ana gobe gasa alƙalan suka zauna auna 'yan takara, kowa na saurare. Damo ya ce Dinya Kande ce a gaba, sawunta ko makaho ya shafa zai karanta. Kwaɗo ya fi son Shamuwa Delu, wai faɗuwarta ma tsari gare ta. Da aka zo kan Balbela Tasalla, wadda ta yi shekara bakwai tana zuwa ta uku, Kunkuru ya gyara murya.

"Jama'a suna cewa ta fi kowa. Ban musa ba, ban dai gani ba. Bara na yi rarrafe tun hantsi har azahar ina neman inda ta taka, ban samu ba. Mu shaida muke bi."

Tasalla ta ji. Gwiwarta ta fara ciwo, ta san bana ce ta ƙarshe. Ta sami Kande a bakin ruwa ta tambaye ta yadda ake barin sawu.

Kande ta yi dariya. "Yaya, ke da muke leƙe muna koyo? Ba wata dabara. Ki ci ki ƙoshi, ki kafa farce, ki danna kamar kina jin haushin ƙasar."

"Rawar fa?"

"Wa ya tambaye ki rawa?"

Washegari Tasalla ta shiga fili da cikinta cike da fara. Ta kafa farce, ta ja layi, ta zana da'ira uku masu zurfi. Juyin nan nata da ke sa kurciyoyi su yi tsit a kan reshe, ba ta yi shi ba, don ba ya taɓa ƙasa. Tsuntsayen da ke bisa suka dubi juna, waɗansu suka tashi tun ba ta gama ba.

Alƙalai kuwa suka sha rarrafe suna jinjina kai. Kunkuru ya ce a tsawon ransa bai ga rawa irin wannan ba, ya yaba mata da ta gyara halinta a ƙarshe. Aka ba ta na ɗaya. Ta karɓa, ta yi godiya yadda ya kamata, ta tafi wanke ƙafafunta, ta daɗe tana wankewa.

Da lakar ta bushe aka kewaye wurin da ƙaya. Har yau iyaye na kai 'ya'yansu mata su ga yadda Tasalla take rawa.