Kunnuwan Shanuna da Alamar Gidan Barkindo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Rigakafin Cututtukan Dabbobi, uban makiyaya, wanda ba mu taɓa gani ba sai dai almakashinsa.

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga babba, ina miƙa godiya kan allurar ciwon huhu da ka aiko mana. Malamar jinyarku, Madam Ngono, hannunta da sauƙi, ko bijimina mai harbi bai ce uffan ba. Sai dai, ranka ya daɗe, akwai 'yan ƙananan abubuwa.

Na ɗaya. Ka ba da umarni duk saniyar da aka yi wa allura a ɗan gutsure mata bakin kunnen hagu, don a shaida ta. Wannan hikima ce, wallahi. Shin a ofishin naka babu ko mai shara da ya taɓa kiwo, ya faɗa maka cewa a nan kunne shi ne ke nuna mai saniya? Mu gidanmu kunnen dama muke tsagawa tun kakanni. Gutsuren hagu kuwa alamar gidan Barkindo ce, ɗan goggona, taubashina. Na yi wa Madam Ngono bayani, ta ce ita da almakashin duk daga sama aka aiko su.

Na biyu. Da safe ina da garke, kafin azahar na zama yaron kiwon Barkindo. Ya zo yana zagaya shanuna hannu a baya, yana yaba mini yadda na kula masa da dukiya. A kasuwar Tibati ma yana nuna ni yana cewa ga sabon makiyayinsa, ba ya cin tuwo da yawa. Duk na haɗiye, wasan taubasai ne.

Na uku, nan ne dariyar ta ƙare mini. Ya kora Saige, saniyar da uwata ta bar mini, ya kai ta rugarsa, wai aro ya ɗauka daga cikin nasa. Na kai ƙara gun Arɗo. Arɗo ya duba kunnen dama ya tabbatar mini saniya tawa ce, ya duba na hagu ya ce a dawo bayan damina.

Na huɗu. Barkindo bai yarda da allura ba. Ranar da kuka zo, ya shige daji da garkensa. Da ma'aikatanka suka koma bincike, suka tarar kowace saniyarsa da gutsure a hagu, har da maraƙin da aka haifa bayan tafiyarku, suka yaba masa a gaban jama'a. Yanzu shanun da kuka yaba wa suna tari har ana ji daga rafi. Madam Ngono ta gargaɗe mu cewa allurar sai ta ɗan jima a jiki kafin ta kama, kada a haɗa su da masu tari. Saige tana tsakiyarsu, a ƙwarya ɗaya suke shan ruwa. Ranka ya daɗe, ina tsoro. Jiya ko nono ban iya sha ba.

Roƙona shi ne ka turo Madam Ngono rugar Barkindo tun kafin kasuwa mai zuwa, ta saurari ƙirjin shanun ta bar kallon kunne, ta fito mini da Saige. In allura ta yi saura, a yi wa Barkindo, da babbar nan ta bijimai. Ni zan riƙe muku shi. Amma shi kunnen dama za a tsaga masa, don a san na wane gida ne.

Naka mai biyayya har ƙasa, da kunnuwansa biyu lafiya zuwa yau,

Hamajoda Giɗaɗo,
Rugar Mayo Lugga.