Yadda Ake Tayar da Bashe Idan Suruka na Zaune a Gaba

Kai mai tsohuwar bashe, irin a-kori-kurar nan da ta girme ka, matso. In ka bi matakan nan bakwai, na yi maka alkawari motarka za ta tashi. Ban ce a lokacin da kake so ba. Ni dai na bar lakwal tun ina aji huɗu, amma na yi sati uku a bakin wani garaji a Magariya, kuma ina tsaye ranar da abin nan ya sami Rabilu. A kansa za mu yi karatu.

Rabilu shofer ne a Bande, wato direba. Inna Fadi, uwar matarsa Hafsatu, tun ranar biki take cewa motar nan gwangwani ce, ya sayar ya koma gona. Wata shida yana aika roƙo ta bakin Hafsatu kafin ta yarda ya kai ta kasuwar Sassumburum da buhunan wakenta biyar. Ta ce sau ɗaya. In motar ta ba ta kunya, za ta kai maganar sayarwa gaban mahaifinsa, shi kuwa tsohon bai taɓa musa mata ba.

Mataki na 1: Murɗa makulli kamar ba komai

Ka buɗe mata ƙofar gaba kana kallon ƙasa. Inna Fadi ta shiga, ta cire takalma, ta gyara zama. Rabilu ya murɗa. Injin ya tashi, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Ya sake murɗawa, injin yana juyawa amma ya ƙi kamawa.

A nan kar fuskarka ta canza. Ka gyaɗa kai kamar dama haka ka tsara. Masu ilimi sun ce a saurari irin ƙarar da motar ke yi. Kai ka saurari numfashin surukarka, shi ne zai gaya maka minti nawa ya rage maka.

Mataki na 2: Buɗe kapo, ka daɗe a ciki

Amfanin kapo biyu ne. Yana rufe inji, in an ɗaga shi kuma yana raba ka da idon wanda ke zaune a gaba. Ka tura kai ciki, ka ce "hmm". Ka taɓa wani abu. Ka ja hannu da sauri kamar ya yi zafi.

Kafin ka ɗago, masana sun taru. Ba a kiran su. A wajen Rabilu, Kolo mai shayi ne ya fara isowa, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ko keke bai taɓa gyarawa ba.

"Batir ne," in ji Kolo.

"Ka duba?"

"Ba sai na duba ba. Kullum batir ne."

Mataki na 3: Ka zargi batir

Duk wanda ya san mota ya san in injin na juyawa da ƙarfi, batir ba shi da laifi. Kar wannan ya hana ka. Batir ba ya da dangi a garin, ba mai tare masa. Ka cire kawunansa, ka kankare da wuƙa, ka mayar, ka buga da dutse. Dutse kayan aiki ne, sai dai a zaɓi mai kyan gani.

Lokacin ne Inna Fadi ta yi maganarta ta farko. Ba ta kiran sunan Rabilu, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye.

"Kolo, tambayi mai motar, kasuwar yau za mu ko ta sati mai zuwa?"

"Ka ce wa Inna saura kaɗan," in ji Rabilu daga cikin kapo.

Mataki na 4: Gwada wuta a hannun aboki

Ka zare wayar buji ɗaya, wato fulogi, ka miƙa wa wanda ya fi kowa surutu, ka ce ya riƙe bakin. Ka je ka murɗa makulli. In ya yi tsalle ya ambaci sunan kakarsa, akwai wuta. Kolo ya yi tsalle.

"Allah ya isa, Rabilu. Da gangan ka yi."

"Aiki ne. Yanzu mun san ba wuta ba ce."

Saura esansi ke nan, wato fetur.

Mataki na 5: Bi tiyo, ka ga abin da ka gani

Tankin motar Rabilu ya huje tun kafin a haife shi. Kamar sauran bashe na wajenmu, man yana cikin bido, wato jarka, a bayan kujera, ɗan tiyo ya bi ta ƙasan wurin ajiye ƙafa ya wuce wajen inji. Rabilu ya bi tiyon da ido ta ƙofar shofer, har ya iso inda ya tsaya. Diddigen Inna Fadi na kansa, ta danne shi a jikin ƙarfen motar, ta ɗora ɗayar ƙafar a kai. Ko ɗigo ba zai wuce ba.

To, ka gano ciwon. Wanda bai da tarbiyya zai ce, "Inna, ɗan ɗaga ƙafa." Kalma huɗu, mota ta tashi. Amma kai ɗan mutunci ne. In ka faɗa, ka nuna ka kalli ƙafar surukarka, ka kuma ce ita ce matsalar, a gaban mai shayi.

Mataki na 6: Ka nemi hanyar nesa

Rabilu ya ja Kolo gefe ya raɗa masa.

"Ni zan gaya mata," in ji Kolo.

"Ta ce wa ya gaya maka?"

"In ce ni na gani."

"Kai kuma me ya kai idonka ƙafar uwar matata?"

Daga nan Rabilu ya gwada dabara. Ya ce a gaya wa Inna akwai inuwa a gindin bishiyar bedi. Ta ce ta gode, nan ma inuwa ce. Ya sa aka kawo mata ruwa, ko za ta sauko ta sha. Ta karɓa ta taga. Ya ce Kolo ya ce ya ga kunama a cikin motar jiya. Ta ƙara danne ƙafa, ta ce ta taka abin da ya fi kunama.

In duk sun ƙi, ka sa a tura. Mutum tara suka tura bashe da wake buhu biyar da Inna Fadi, daga bakin masallaci har rijiya, suka dawo da ita. Motar ta yi tafiyarta ta farko ta ranar, ba ta sha ko cokali ɗaya na mai ba.

Mataki na 7: Ka bar ta ta sauka da kanta

Rana ta ɗaga sai ga Malam Tsoho da amalanken shanu zai tafi kasuwa. Inna Fadi ta sa takalma, ta sauko, ta hau ba ta waiwaya ba. Rabilu ya zauna a mazauninsa, hannunsa ya murɗa makulli don sabo.

Motar ta tashi. Ba tari, ba gardama.

Inna Fadi ta juyo a kan amalanke, ta daɗe tana kallon motar.

"Kolo."

"Na'am, Inna."

"Ina ciki ta ƙi, na fita ta tashi. Wannan ba lalacewa ba ce, akwai masu ita a ciki. Ka ce wa mai motar kar ya kuskura ya sayar. Ba a ɗora wa Musulmi abu mai aljanu."

Haka Rabilu ya tsira da motarsa. Ya bi bayan amalanke da waken har Sassumburum, a tafiyar shanu, domin ba a wuce suruka a bar ta a baya. Sun isa ana naɗe rumfuna.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba makanike ba ne, ba malamin ruƙiyya ba ne. In ka bi matakan nan abokinka ya daina gaishe ka, ko batir ya mutu da gaske, ko labari ya zaga gari har matan Bande suka gwammace su taka da ƙafa da su shiga motarka, ba da ni ba. Rabilu ma yanzu awaki kawai yake ɗauka, su kuma a baya suke zama.