Kobo Mai Huji a Kunun Baffa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kobo mai huji ya kusa raba ni da Bilkisu, wadda nake nema da aure, ba.

Lokacin zazzaɓin tonon tsofaffin kuɗi ne ya kama ni. A waya na ga ana yi, na sayo na'urar nan mai kamar faranti a bakin sanda, wadda ke kuka in ta ji ƙarfe a ƙasa. Tun da aka cire gyaɗa kullum ina tsohon kufai na bayan garin Turawa ina shawagi, mutane suna cewa karatu ya taɓa ni. Abin da nake samowa kuwa ƙusa ne da guntun fartanya.

Ran nan da hantsi na'ura ta tsala ihu. Na tona, sai ga kobo da anini masu huji, duk sun yi kore shar. Jama'a, har rawa na taka a gonar mutane! (Jaki ne kaɗai shaida, shi ma kau da kai ya yi.)

Na ji an ce ruwan tsamiya na cinye tsatsa. Ina shiga gida na tarar Inna ta tace tsamiya a ƙwarya. Ban tambayi ta mece ce ba, na antaya kuɗina, na cuɗa, na tsame, na koma ɗaki ina goga da toka. Ashe kobo ɗaya ya kwanta a ƙasan ƙwaryar. Murna ta mantar da ni cewa ranar ce Baffan Bilkisu, waliyyinta, zai zo daga Ruwan Bago ya ga gidanmu, mutumin da dama yake jan ƙafa kan maganar auren.

Bayan doguwar gaisuwa a zaure aka kawo kunun tsamiya. Ina durƙushe gefe kamar mutumin kirki, Baffa ya kai ludayi baki, sai muka ji ƙwas! Ya zaro kobo daga bakinsa.

"Innalillahi! Alhaji, ni za a yi wa asiri?" ya ce wa Babanmu. "Kobo mai huji a kunu? To an fasa auren!"

Na ce, "Baffa, wallahi ba sammu ba ne, tono shi na yi. Bari ka gani." Na ruga na ɗauko na'ura na kunna. Ina juyowa ta gifta damtsen Baffa, ta fasa kukan da ko a kufai ba ta taɓa yi ba. Na janye, ta yi shiru. Na mayar (wauta ba ta da magani), ta sake tsalawa. Kambu ne mai zoben ƙarfe a ƙarƙashin babbar riga.

Babanmu ya gyara murya ya ce, "Ashe Malam a shirye ka zo."

Baffa ya dube shi, ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa har da hawaye. "Kai yaro, kashe abin nan kafin ya tona sauran! Mai wannan shirme ba zai iya asiri ba. Na ba ka."

Kobon kuwa aljihu ya jefa shi, har yau bai dawo ba.

Yanzu ko ruwan sha na gani a ƙwarya sai na tambayi Bilkisu na mene ne. Na'ura kuma a kashe take in akwai surukai a gida, don ba duk abin da ke ɓoye ne ake tonowa ba.