Ranar da Na Tsallake Goggo Dudu a Layin Gaisuwa

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin nan na unguwar Bako ba. Ko na so in manta ma, akwai tsohuwar da ta ɗaukar wa kanta aikin tuna min duk inda muka haɗu.

Ni malamar firamare ce a Jimeta, 'yan aji huɗu nake koyarwa, gidanmu kuma yana unguwar Gwadabawa. Shekarun baya ciwon damuwa ya kwantar da ni. Barci ya ƙi, abinci ya ƙi, sai in zauna in zuba wa bango ido tun safe har yara su taso daga makaranta. Wata huɗu ban taka wurin aiki ba. Maigidana ya kai ni asibiti, aka ɗora ni kan magani, a hankali na dawo hayyacina. Da na koma makaranta sai na ce wa kowa taifod na yi. (Wanda ya matsa da tambaya in ƙara masa da ulsa.) Har yaba wa kaina nake yi, wai na iya rufa wa kaina asiri.

Wata rana Sista Rahila, ma'aikaciyar jinyar da ke duba mu, ta ce za a horar da wasu daga cikinmu da suka samu sauƙi, mu riƙa ziyartar masu irin lalurarmu. Ba likitoci za mu zama ba. Namu mu zauna da mutum, mu saurare shi, mu ƙarfafa masa gwiwa, mu tuna masa ranar asibiti, domin maganar wanda ya ɗanɗana ciwon ta fi shiga kunne. Kafin ta rufe baki na ba da sunana.

To, gara ku san halina tun yanzu. Ni ba na zaman baya a aji. Mu goma sha biyu ne a horon, aka yi shi lokacin dogon hutu, kuma tun ranar farko na kama bencin gaba da littafina mai bango mai tauri da biro biyu, baƙi da ja. In Sista ta yi tambaya, hannuna yana sama kafin ta kai ƙarshenta. In ana wasan kwaikwayon yadda ake ziyara, ni ce mai gyara wa mutane zama da kallo. Har 'yan ajin suka laƙaba min Sista Ƙarama, ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Ranar darasin riƙon sirri, Sista ta ce idan muka haɗu da wanda muke ziyarta a kasuwa ko a taro, kada mu fara nuna mun san shi. Mu bari shi ya fara, don kada mutane su tambayi inda muka san juna asirinsa ya tonu. Sai Malam Buba, wani tela mai sanyin magana daga Yola Gari, ya ɗaga hannu ya ce to in dattijo ne fa, don su a gidansu babba ba ya fara gaida yaro. Na juyo na ce masa doka ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Sista ta faɗi wani abu bayan haka, na ji muryarta, amma daidai lokacin jan birona ya gangara ƙarƙashin benci, na sunkuya nema. Da na ɗago an wuce wurin. Na ja layi biyu ƙarƙashin dokar, na rufe littafi.

Da aka zo gwaji kafin a ba mu satifiket, sai aka haɗa ni da Goggo Dudu. Tsohuwar Bafulatana ce a wani babban gida a Yola Gari, siririya, mai tsafta kamar me. Bayan rasuwar mijinta kanta ya taɓu, har ta taɓa fita titi ba mayafi tana surutai. An yi magani, ta warware sarai. Amma shekara biyu ke nan ba ta tsallaka zauren gidan ba, sai dai ranar asibiti, a sa ta a keke napep a rufe labule.

Duk Alhamis in hau keke daga Jimeta in je. Ta shimfiɗa min tabarma, ta dama min fura, mu yi ta hira. Ita ta koya min gaisuwar yini da Fulatanci, tana dariyar yadda harshena ke karyewa. Na ba ta labarin bangon da na yi wata huɗu ina kallo, da taifod ɗin ƙarya, ta yi dariya har da riƙe ciki. A ziyara ta huɗu ne ta gaya min abin da ya hana ta fita. Ta ce da, in ta bi layinsu, matan unguwa har ƙasa suke durƙusawa. Bayan ciwon, in sun hango ta sai su tuna sun bar tukunya a wuta.

"Ciwo ya tafi, Malama," ta ce, "amma gaisuwa bai dawo ba."

Na rubuta wannan maganar a littafina. Da jan biro ma.

Da ta ce min ana bikin 'yar ƙanenta ranar Asabar kuma ba za ta je ba, sai na tashi tsaye a kanta. Na kawo duk abin da aka koya mana, na ƙara da nawa. Daga ƙarshe ta yarda, amma da sharaɗi. Ta ce za ta gwada sau ɗaya, in aka kau da kai daga gare ta a can, ta gama fita ke nan har ranar da za a fitar da gawarta. Na bugi ƙirji na ce babu mai kau da kai. Na koma gida ina jin satifiket ɗin nan kamar ya riga ya shiga jakata.

A wannan Asabar ɗin ni ma ina da biki. Ƙanwar Malama Fadimatu, abokiyar aikina, za ta yi aure, kuma malaman makarantarmu mata mun fitar da anko. Goggo ta ce min bikinsu a Bako ne. Katin Malama Fadimatu ma Bako aka rubuta. Ni mai ƙwaƙwalwar bencin gaba, ko sau ɗaya ban haɗa biyun nan ba.

Muka isa bayan la'asar, mu takwas, hedimistires a gaba, ni a bayanta da ɗaurin ɗankwalin da ya ci min rabin awa. Gida ya cika, ana ta rabon shinkafa da zoɓo. Malama Fadimatu ta ce mu fara gaida iyaye. Ta ja mu gindin wani mangwaro inda tsofaffi shida suke jere kan tabarma. Ta huɗu a layin, cikin sabuwar atamfa shuɗiya, ƙafa ta sha lalle, Goggo Dudu ce.

Ita kuwa da ta gan ni fuskarta ta washe, ta gyara zama, har ta ɗan zunguri ta kusa da ita.

Yanzu ku da kuke karantawa kun riga kun ga mafita. Baƙi takwas sun zo gaida tsofaffi shida, kowa zai gaida kowa. In na gaishe ta kamar yadda zan gaida sauran, wa zai ce na san ta? Yaron aji huɗu ma zai gane wannan. Amma ni a lokacin ba abin da nake gani sai layi biyu na jan biro.

Na durƙusa gaban ta farko na gaishe ta. Na ja gwiwa zuwa ta biyu, sai ta uku. Na iso gaban Goggo. Na sunkuyar da kai ina kallon lallen ƙafarta, ina jira ta fara, kamar yadda doka ta ce. Ita kuma tana jira in fara, kamar yadda aka yi tun kafin a haifi uwata. Har ta miƙo hannu. Na ga hannun da gefen idona, da zoben azurfa a yatsa. Da shirun ya yi yawa, sai kawai na ja gwiwoyina na wuce gaban ta biyar, na ce mata, da muryar da har yau nake jin kunyar zaƙinta, "Sannu Inna, ya taro?"

Innar kallona kawai take, tana kallon hannun Goggo da ke rataye a iska. Surutun da ke gindin mangwaron ya mutu. Goggo ta janye hannunta a hankali, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta fara lalubar takalminta a bakin tabarma. Wata ta tambaye ta ina za ta, ta ce gida. Sannan ta dube ni, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Malama, kai ma?" (Goggo kowa kai take ce masa, mace ko namiji.)

Hedimistires da ke durƙushe kusa da ni ta juyo. "Kin san ta ne?"

Sai Goggo ta amsa a madadina, takalmi ɗaya a hannunta.

"Bai san ni ba. Kama ne. Ido na tsufa."

Wannan ce ta gama da ni. Duk matan da ke wurin sun san Goggo, wasunsu ma da idonsu suka gan ta a titi ranar nan. Ba ta da wani sirri da zan riƙe mata. Mai sirri a gindin mangwaron nan mutum ɗaya ce, ita ce mai taifod da ulsa, kuma tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ce ta rufa mata asiri a gaban shugabarta, bayan ita mai taifod ɗin ta gama wulaƙanta ta. Ashe ba don Goggo na ƙanƙame dokar ba. Kunya ta rufe ni, irin wadda mutum ke jin ta har a tafin ƙafa.

Na ja gwiwa da baya (a kan tsakuwa, cikin sabon anko, kuma a nan ne ɗankwalin rabin awa ya zame ya faɗi). Na kama hannunta da hannu biyu na ce, "A nyalli jam, Goggo." Ba ta amsa ba. Sai na juya wajen hedimistires.

"Na san ta, Ma. Asibiti ɗaya muke karɓar magani. Ni ba taifod na yi ba, ciwon damuwa ne. Duk Alhamis ina gidanta."

Na jira ƙasa ta tsage. Hedimistires ta ɗauki ɗankwalina ta kakkaɓe ta miƙo min, ta ce, "Wane taifod ne yake wata huɗu? Ke kaɗai ce ba ki san mun sani ba. Ki gama gaida uwarki, gwiwata na ciwo."

Goggo ta ajiye takalmin. Amma ba ta sake ni da arha ba. Ta ce in sake gaisuwar daga farko, da ƙarfi, don kunnenta ya yi nauyi. (Kunnenta lafiya lau, tana jin faɗuwar allura.) Na sake. Ta amsa, ta tambayi maigida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tambayi makaranta, ta tambayi Gwadabawa baki ɗaya, ni ina durƙushe kan tsakuwa ba ɗankwali. Da ta ga na jigata, ta gaya wa tsofaffin da Fulatanci cewa ni ce na fito da ita, sai dai ina da ɗan wauta. Wannan Malama Fadimatu ce ta fassara min, ban ma roƙe ta ba. Bayan ni sauran malaman suka bi layi suka gaishe ta, sai ga matan gidan su ma suna zuwa ɗai-ɗai. A faranti ɗaya muka ci shinkafa, kuma ba ta tashi ba sai da aka kira magariba.

Ranar Litinin na kai kaina wurin Sista Rahila na zayyana mata komai. Ta yi ƙoƙari ta riƙe dariya, ba ta iya ba. Ta aika aka karɓo littafin Malam Buba, wani ɗan littafi duk lissafin awon riga a bayansa, ta buɗe min. Ga abin da ta faɗa ranar da nake ƙarƙashin benci, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza: ku tambayi mutumin tun ziyarar farko yadda yake so ku yi in kun haɗu a waje.

Satifiket dai na samu, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na iya aikin nan. Mutum bakwai nake ziyarta yanzu, a makaranta kuma na daina taifod. Sai dai Sista ta ɗora min haraji: duk sabon rukunin da za a horar, ni ce mai tashi in ba da labarin gindin mangwaro. Kuma duk wanda aka haɗa ni da shi, kafin in buɗe littafi nake tambayarsa, in mun haɗu a hanya in gaishe ka ko in wuce?

Goggo Dudu kuwa yanzu har kasuwar Yola take zuwa da ƙafarta. In ta hango ni sai ta tsaya cak a tsakiyar hanya, ta harɗe hannu, ta yi shiru tana jira, ko da kuwa ina cikin keke ne. Dole in sa a tsaya in sauko in durƙusa. Abin da na koya dai shi ne, in malami yana magana biro ya faɗi, a bar shi a ƙasa tukuna. Na kuma daina sa sabon anko in zan bi ta Yola Gari, don ban san a kan wace tsakuwar za ta tare ni ba.