Gawar da Ta Kori Soja

Shekarar da sojoji suka koma bariki, 'yan wasan kwaikwayon unguwarmu a Barnawa suka sa ni in fito a tsohuwa mai tuwo. Darakta ya fara yi mini bayani, na katse shi: "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake wasa a zumuntar mata."

Aikina ɗaya ne: soja ya shuri tukunyata, ya mare ni, in mutu. Sauran wasan duk makokina ne.

Ran wasa na faɗi, na yi mutuwa mai kyau. Sai wata mata cikin 'yan kallo ta ƙwala ihu: "Mama, tashi! Mulkinsu ya ƙare!"

Ni kuwa na tashi. Na rarumi muciya, na bi Bitrus, wanda ya fito a sojan, har bakin titi. Zaure ya ɗauki tafi da guɗa, darakta ya dafe kai, masu makoki goma suka rasa gawa.

Har yau in an haɗu a jana'iza, sai wani ya matso kunnena: "Mama, ran taki sai mun ɓoye muciya kafin mu fara kuka."